Yaro da kare a gida ɗaya: abin da Duna ya koya min

Ranar da abin ya faru ina zaune taku uku kacal daga inda suke. Na fara da wannan ne saboda duk wanda na ba labarin, tambayar farko da yake min ita ce, "To ke kina ina?" Ina nan fa. Waya ce a hannuna, ina amsa wani saƙon da bai taka kara ya karya ba. Autata tana da wata goma sha huɗu a lokacin, ta fara tatata, ta dafa bango ta nufi lungun da karenmu Duna yake kwance. Shekararsa shida a gidan, tare da yayyenta biyu ya tashi, ban taɓa jin ya yi wa yaro gurnani ba. Ta faɗa kansa da duk nauyinta, ta damƙi kunnensa na hagu. Ƙarar haɗuwar haƙora kawai na ji, sai kukanta. Fiƙarsa ta karce ta a gefen kunci, ɗan tsagi da bai kai gaɓar yatsa ba. Da cizo ya yi niyya da gaske, da wani labarin daban nake bayarwa yau.

Bayan kwana biyu likitan dabbobi ya leƙa kunnen nan ya ce ya kumbura ta ciki, har yana ruwa, kuma ba jiya ya fara ba. Sai a lokacin na tuna yadda ya yi kwanaki yana girgiza kai yana sosa wajen da ƙafar baya, ni kuwa na ɗauka ƙuma ce ke damunsa.

Maigidana ya ce a rabu da shi a ranar. Ni ma na kwana ina juya maganar. Ba mu rabu da shi ba, yana nan, bakinsa har ya yi furfura. Amma mun sake tsarin gidan daga tushe, kuma tsarin ne zan zayyana muku, tare da dalilin kowane abu, don wanda ya san dalili ba ya sakaci da doka ranar da ya gaji.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a zuciyar iyaye shi ne, karen da suka yarda da shi ne abin lura. Binciken da aka yi a asibitocin Amurka da Turai ya sha nuna cewa yawancin ƙananan yaran da aka kawo da cizo, karen da suka sani ne ya cije su: na gidansu, na dangi, ko na maƙwabta. Kuma babba a hannu ko ƙafa ake cizonsa, amma ƙaramin yaro a fuska, kai da wuya, don tsayinsa daidai bakin kare yake, shi kuma da fuska yake zuwa wa duk abin da yake so. Sabo turken wawa ne. "Ai namu ba ya cizo" magana ce da ni ma na yi ta faɗa shekara shida.

Ku fara koyon karanta karen

Da wuya kare ya yi cizo bai ba da sanarwa ba. Sai dai sanarwar a jikinsa take, kuma tana farawa da ƙananan abubuwan da muke ɗauka ba komai ba ne.

Hamma ce ta farko. Kare yana hammar barci kamar kowa, amma idan yaro na tattaka shi da tsakar rana ya wage baki ya yi wata doguwar hamma, ba barci yake ji ba, a takure yake. Sai lasar hanci: harshe ya fito fit ya lashi hanci ya koma, alhali babu abinci a gabansa. Sai kau da kai: yaro ya kawo fuska, shi ya juya tasa gefe, kamar dattijon da ba ya son a ja maganar. In duk wannan bai kawo masa sauƙi ba, sai ya tashi ya bar wajen. Wannan tashin shi ne mafi kyawun abin da kare zai iya yi, kuma shi muka fi ɓatawa. Yaro ya bi shi ƙarƙashin tebur, mu kuma muna dariya muna cewa, "Dubi yadda take son sa."

Idan aka rutsa shi inda ba hanyar fita, jikin zai canja salo. Kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu. Ya karkatar da kai amma idonsa na kan yaron, har farin idon ya bayyana a gefe kamar jinjirin wata. Bakin da ɗazu yake buɗe yana haki, ya rufe shi gam. Daga nan sai sandarewa: jiki ya yi ƙam, ko ƙifta ido ba ya yi. Wannan tsit ɗin ya fi haushi ban tsoro nesa ba kusa ba. Bayansa sai gurnani, yage leɓe, kai cafka a iska, sannan cizo, kuma tsakanin sandarewa da cizo wani lokaci bai wuce ƙiftawar ido ba. Kare mai ciwo, irin Duna a ranar, yana iya tsallake matakai da yawa ya dire kan na ƙarshe.

Bayan abin ya lafa na zauna na bi tsofaffin bidiyon da ke wayata ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani da na tura wa 'yan'uwa kowa na yabawa: autar tana rarrafe ta kwanta a bayan Duna tana bubbuga haƙarƙarinsa. A cikin daƙiƙa ashirin ya yi hamma sau biyu, ya lashi hanci sau huɗu, ya kalle ni, ya kau da kai, ya sake kallona. Ashe taimako yake nema, ni kuma ina riƙe da waya ina dariya. Ku ma ku duba naku bidiyon, amma ku cire ido daga kan yaron ku zuba wa karen kawai.

Alamu biyu suna yaudarar mutane sosai. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce, tana nufin dai hankalinsa ya tashi, da daɗi ko da ɓacin rai. Ta murna tana tafiya da duk ƙugu, jiki a sake, kamar zai narke. Wutsiyar da aka ɗaga sama a miƙe, ƙarshenta kawai ke kaɗawa da sauri, jiki kuma a ɗaure, wannan a janye yaro. Ta biyu ita ce kwanciya rigingine. Wani lokaci shafar ciki yake so, wani lokaci kuma roƙo yake a ƙyale shi. In baki a rufe yake, wutsiya a manne da ciki, to na biyun ne.

Sai maganar gurnani, wadda a kanta ni da maigidana muka fi ja-in-ja. Kada a doki kare ko a daka masa tsawa don ya yi wa yaro gurnani. Na san abin da zuciya ke cewa a lokacin. Amma gurnani shi ne gargaɗi mafi bayyana da yake da shi. In kun hukunta shi a kai, takurar da yake ji ba ta tafi ba, kun dai koya masa ya daina faɗa. Karen da aka hana gurnani shi ne wanda ake cewa "haka kawai ya cije shi, ba wata alama." In kun ji gurnani, ku ɗauke yaron cikin natsuwa, ku raba su, sannan ku zauna ku tambayi kanku me ya jawo. Yana cin abu ne? An taka shi? Ba shi da lafiya? Gurnanin da ya fito sabo daga karen da ba halinsa ba, a fara kai shi wajen likitan dabbobi: kunne, haƙori, da ciwon gaɓoɓi a tsofaffin karnuka su ne aka fi samu.

Kada kuma ku ɗauka yaro zai gane alamun nan da kansa. Masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun nuna wa ƙananan yara hotunan karnuka, sai da yawa daga cikinsu suka ɗauki karen da ya yage baki haƙora a waje a matsayin mai murmushi. A duniyar yaro, wanda ya nuna haƙora dariya yake yi, don haka matsawa zai yi kusa ya rungume shi.

Zama a ɗaki ɗaya ba sa ido ba ne

Kowa na cewa kada a bar yaro da kare su kaɗai. Gaskiya ne, amma maganar ba ta cika ba, tunda ni ban bar su su kaɗai ba. Sa ido yana nufin babban mutum, idonsa a kansu, hannunsa ba komai, kuma yana kusa yadda zai shiga tsakani kafin yaron ya isa wajen karen. In yaron bai kai shekara uku ba, kusa yana nufin inda hannuna zai kai. Mai girki ba ya sa ido. Mai waya ba ya sa ido. Ɗaki cike da manya ana hira shi ya fi ko'ina haɗari, don kowa ya ɗauka wani na kallo.

To wa zai iya irin wannan kallo daga safe har dare? Babu. Shi ya sa abin da ya fi amfane mu ba wata dabarar horo ba ce, ƙofa ce. Mun sa ƙaramar ƙofar shinge, irin wadda ake sa wa yara a bakin matakala, tsakanin inda yara ke wasa da ɓangaren Duna. Dokar gidan ɗaya ce: in idona zai bar kansu, ko na minti ɗaya ne, to ko ɗaya ya biyo ni, ko ƙofa ta shiga tsakaninsu. Zan shiga wanka, zan duba wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa, zan ɗauko abu a ɗaki, duk ɗaya ne. Makon farko na ji kamar wahala. Yanzu hannuna da kansa yake janyo ƙofar.

A bayan shingen akwai shimfiɗarsa, ruwansa da abin da yake gwaigwaya. Wajen nasa ne, ba ɗan da ke shiga, ko ƙwallo ce ta faɗa sai a kira babba ya ɗauko. Kuma ba a tura shi can da faɗa, don kada ya ɗauke shi kurkuku. Da farko nakan jefa masa ɗan abin da yake so a kan shimfiɗar in ce "wajenka", har ya gane. Yanzu in yara suka cika hayaniya, da kansa yake zuwa ya tsaya bakin shingen yana jira a buɗe masa.

Ɗaure kare da sarƙa a tsakar gida ba ya maye gurbin ƙofa. Sarƙa tana hana karen zuwa wajen yaro, amma ba ta hana yaro zuwa wajen kare, ta kuma ƙwace masa hanyar gudu. Karen da ba zai iya tashi ya bar wajen ba, haƙoransa kawai suka rage masa.

Kada a ɗora wa babbar ya ko babban wa wannan aiki. Babbar 'yata tana da shekara takwas a lokacin, mai hankali ce, Duna yana jin maganarta. Duk da haka ban taɓa cewa "kula min da su" ba. In abu ya faru ba ta da ƙarfin raba su, kuma za ta girma da nauyin laifin da ba nata ba.

Akwai lokutan da ko ina tsaye a kansu ba na barin yaro ya matsa: in kare na cin abinci, in yana gwaigwayar ƙashi, in yana barci, in ba shi da lafiya, sai kuma karya mai shayar da 'ya'ya, wadda ko ta fi kowa sanyin hali takan zama wata daban a makonnin farko. Abincin Duna bayan ƙofa ake ba shi, in ya gama a ɗauke kaskon. Akwai masu cewa a riƙa sa hannu cikin kaskon kare ko a ƙwace masa ƙashi don ya saba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Abin da yake koya shi ne hannun mutum ɓarawo ne, sai ya ƙara tsaro. Haka kuma in yara na cin nasu, shi yana waje. Ɗan shekara biyu da abu a hannu yana yawo, hannun daidai hancin kare yake, kuma kare mai wawura ba ya bambanta abinci da yatsa.

Wasan guje-guje da ihu ma lokacin rufe ƙofa ne. Abu mai gudu yana ƙara yana tayar wa kare da sha'awar bi da kamawa, ko da wasa ya fara.

Abin da ake koya wa yaran

Ɗan ƙasa da shekara uku ana nuna masa, amma ba a dogara da abin da aka nuna. Nakan ɗora hannun autar a cikin nawa, mu shafa kafaɗar Duna tare, tafin hannu a buɗe, ina cewa "a hankali". Tana iya yin daidai sau goma, na sha ɗaya ta cusa masa yatsa a ido, ba don mugunta ba, don tana son ta ga me zai faru.

Daga shekara huɗu zuwa sama ana iya kafa doka, kuma gara ta zama kaɗan. Tamu ta farko: ba a zuwa wajen kare, kiransa ake yi. Yaro ya tsaya ko ya zauna, ya bubbuga cinya ya kira sunansa. In ya zo, to yana so. In bai zo ba, ya ce a'a ke nan, kuma a'arsa tana da daraja kamar ta kowa. Wannan doka ɗaya ta kawar da rabin matsalolin, don ta hana bin sa, ta hana tashinsa daga barci, ta hana rutsa shi a lungu.

Ta biyu: a shafa a ƙirji, kafaɗa ko gefen jiki, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗauke hannu. In ya matso ko ya tura hannun da hanci, a ƙara. In ya juya ko ya tafi, an gama. Ba a miƙa hannu ta saman kansa.

Ta uku ta fi wuya, don ta saɓa wa yadda yara ke nuna ƙauna: ba runguma, ba sumba, ba hawa bayansa, ba haɗa fuska da fuska ana zuba masa ido. Mu runguma ƙauna ce a wajenmu. Kare kuwa in an zagaye wuyansa da hannu, riƙe shi aka yi. Da yawa suna haƙuri da ita, kaɗan ne ke son ta. Na ce wa ɗana, wanda yake da shekara biyar lokacin, in son Duna ya cika masa zuciya ya zo ya rungume ni, shi kuma Duna a jefa masa ƙwallo. Da ƙwallo biyu suke wasan: in ya dawo da ɗaya, a nuna masa ta biyu ya saki ta farko, don kada hannun yaro ya je neman abu a bakinsa.

Sai abin da za su yi in kare ya taso musu, namu da wasa ya yi yawa ko wani daban: a tsaya cak kamar bishiya, a naɗe hannu a ƙirji ko a haɗa su a gaba, a sunkuyar da kai ana kallon ƙafa, a yi shiru. Abin da ba ya motsi ba ya burge kare, yakan sansana ya wuce. In ya ture yaro ya faɗi, ya dunƙule, gwiwa a ciki, fuska a ƙasa, hannaye su rufe kunne da bayan wuya. Faɗa da baki ba ya isa. Mun mai da shi wasa: ni ce karen, in rarrafo ina haushi, su kuma su zama bishiya, wanda ya yi dariya ya faɗi. Abin da jiki ya saba yi cikin wasa shi zai yi ranar tsoro.

Akwai doka ɗaya da na fi nanatawa: duk wanda kare ya ciza, ya karta, ko ya lasa a kan ciwo, ya faɗa min nan take, kuma na yi alkawari ba duka ba faɗa, ko da shi ya tsokano. Yara suna ɓoye cizo don tsoron hukunci, ko don kada a kori karen da suke so. Za ku ga dalilin da ya sa wannan ɓoyon ke kisa nan gaba kaɗan.

Yaran baƙi kuwa, ba na gwaji da su. Ban san abin da aka koya musu ba, Duna bai san su ba, kuma in suka fara kokawa da nawa yana iya ɗauka faɗa ne ya shiga kare ɗan gida. Kafin su shigo yana bayan ƙofa da abin gwaigwayarsa. In mu ne baƙin a gidan mai kare, nakan roƙa a rufe shi, ko da an ce min "ai yana son yara." Wasu sun ji haushi. Na haƙura da haushinsu.

Masu jiran haihuwa su fara canjin tun ciki na wata shida ko bakwai: a sa shingen, a hana shi ɗakin da jariri zai kwana, a sauya lokacin fita da shi in zai sauya. In an bari sai ranar da aka dawo da jariri, zai haɗa zuwansa da duk abin da ya rasa. Jariri ba ya kwana inda kare zai iya kaiwa, ba a shimfiɗe shi a ƙasa kare na yawo. Kuma kada a saki jiki don watannin farko sun wuce lafiya. Karnuka da yawa ba ruwansu da jaririn da ke kwance, sai ya fara rarrafe yana bin su sannan damuwarsu ke farawa.

Ana yawan tambayata wane irin kare ne ya dace da yara. Babu irin da ba ya cizo. Bambancin da na yarda da shi shi ne girman ɓarna: babban kare in ya yi kuskure sau ɗaya, raunin ba irin na ƙarami ba ne. Kwikwiyo ma ba abin wasan yara ba ne. Yana da haƙoran nono 28 masu tsini kamar allura, da baki yake sanin duniya, kuma abin da ya gani daga mako 3 zuwa wajen mako 14 na rayuwarsa shi ke gina halinsa. Kwikwiyon da yara suka yi ta ɗauka suna yarwa a wannan lokaci yakan girma yana tsoron yara. Mai ɗa a hannu da ke tunanin kawo kwikwiyo, shawarata ya jira yaron ya shiga makaranta.

Tsabta ba ta buƙatar dogon bayani. A kwashe kashin kare kullum, don ƙwayayen tsutsar cikinsa sai sun yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin su iya kama mutum, kuma yaro mai kai ƙasa baki shi suke kamawa, har su kan taɓa ido. A ba kare maganin tsutsa da na kaska da ƙuma yadda likita ya tsara, a wanke hannun yara bayan wasa, a hana lasar fuska.

In cizon ya riga ya faru

A raba su, a rufe karen, hukunci ba yanzu ba. In jini na zuba sosai, a danne da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. In ba haka ba, abin farko shi ne wanki: sabulu da ruwa mai gudana, minti 15 cur. Ku duba agogo, don minti 15 da yaro na tsala kuka ji za ku yi kamar awa ce. Ni a kan cinya na kwantar da ita, kanta a karkace don kada ruwan ya shiga ido, maigida na zuba ruwa ina cuɗa kumfa a hankali. Bayan nan a shafa aidin in akwai. Kada a zuba toka, ƙasa, ganye ko wani abu a ciki, kada kuma a ɗaure shi tamau.

Sannan a tafi asibiti a ranar, komai ƙanƙantar raunin, muddin fata ta fashe. Haƙorin kare yana tura ƙwayoyin cuta can ciki, ƙofar raunin ta rufe a sama yana ruɓa a ƙasa, musamman a hannu. Likita zai duba ko ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus, shi ne kuma zai yanke ko a ɗinke ko a bari a buɗe.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, tana bin jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci sai bayan wata biyu zuwa uku alamu ke fitowa, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma cizon fuska da wuya ya fi saurin kaiwa tunda tafiyar gajeriya ce. Raunin zai warke sarai, kowa ya manta, cutar na tafiya. Da zarar alamu sun bayyana, kusan ba mai tashi. Amma kafin su bayyana allura tana tare ta. Tun 1885 aka san haka, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar bayan mahaukacin kare ya cije shi, ya kuma rayu. Allurar ba ɗaya ba ce, ana komawa a ranakun da aka rubuta, kuma sai an cika su. In raunin mai zurfi ne ko a kai yake, akwai wata ta daban da ake yi a cikin raunin kansa.

Ku tafi da katin rigakafin karen. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar haukan kare yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta. Katin Duna yana cikin jaka ɗaya da katunan rigakafin yarana, kuma a ranar shi ne abu na farko da likita ya nema. Kada a kashe karen ko a kore shi cikin fushi. Ana tsare shi a sa masa ido kwana 10, don karen da ke yaɗa cutar a yawunsa ba ya wuce wannan lokaci bai nuna ciwo ba. Amma ba a zama gida ana jiran kwana goman kafin a ga likita. Shi zai ce a fara allura ko a jira.

Sai tambayar da ta hana ni barci: a ci gaba da zama da shi? Mu mun riƙe Duna saboda mun gano dalili, an yi maganin dalilin, ya ja bakinsa bai danna ba, kuma gidanmu yana da inda za a raba su. Da ya bi yarinyar ne har inda take, ko ya cije ya riƙe yana girgizawa, ko ya maimaita, ko yana zuba wa jariri ido jiki a sandare yana bin motsinsa, da ban bar shi ya sake kwana gida ɗaya da yarana ba. A irin wannan a nemi likitan dabbobi ko ƙwararren mai horar da karnuka, wanda ba ya aiki da duka. In kuma za a ba wani shi, a faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, kuma kada ya zama gidan da ke da yara.

Autar yanzu shekararta huɗu, tabon sai an ƙura ido ake ganinsa. Jiya da safe ina shanya na hango ta a bakin shingen, ta bubbuga cinya tana cewa, "Duna, zo. Duna, zo mana." Ya ɗago kai ya dube ta, ya buga wutsiya a ƙasa sau biyu, ya mai da haɓarsa kan ƙafafunsa. Ta ɗan tsaya, sannan ta juyo ta ce, "Mama, ya ce a'a," ta tafi neman yayanta.